Na Tafi Kebbe Koyon Wutar Kashin Shanu

Sanyinna

Ana sallame asuba na sulale da buhuna. Baba ya ce in na dawo wannan karon ba sana'a, shanunsa na jirana, yawo ya ƙare. Ni kuwa na ji labarin wani Injiniya Murtala a Kebbe, mai karatun haɗa sinadarai, wai yana fidda lantarki daga kashin shanu. Ba a zuwa wurin maigida hannu sake, sai na cika buhu da taki busasshe, mai kyau, irin wanda Baba ke rowa.

Tambuwal

Na sha koko da ƙosai a tasha, na hau babur. A shingen hanya ɗan sanda ya zura hannu cikin buhun har gwiwar hannu.

"Mi ne ne wanga?"

"Lantarki ne, yallaɓai."

Ya sunsuna, ya goge hannu a rigata, ya ce mu ɓace masa. Hanyar Kebbe kuwa, ramukan sun fi hanyar yawa.

Kebbe

Bayan azahar muka iso. Na zaci ofis zan gani mai sanyi. Sai ga Injiniya da takalmin roba, yana dama kashi da ruwa kamar mai kunu. Ya nuna mini rami rufaffe inda abin ke ruɓewa, iskar gas ta bi bututu, a tace ta, ta tada janareto. Ga fanka na juyawa, wayoyi jere suna caji.

Na miƙa tsarabata. Ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙanena, wanga na gona ne. Ɗanye nika so, mai ɗumi. Ga bokiti, gobe da sassafe ka bi garke."

"Yallaɓai, gudun shanu fa na yo!"

"Ni da digirina su nika bi."

Na bi su har damina ta kusa. Ko sauro ya daina kusantata, amma na iya haɗin.

Gida

Na shigo da la'asar, Baba na alwala.

"To, sarkin yawo, an samu sana'ar?"

"An samu. Kashin garkenka duka nika so, kullum."

"Gonata ta ci mi?"

Na ce ragowar ramin ta fi taki kyau. Ya ce zai gani. Ya ba ni na shanu biyu, aro.

Na gode Allah da ya maido ni lafiya. Waɗannan biyun kuwa, duk Sanyinna ba saniyar da ta kai su ƙoshi yanzu.