Abba Garo da Bishiyar Kakansa

Abba Garo, Allah ya jiƙansa, maƙwabcinmu ne a ƙauyenmu na gefen Jimma, a ƙasar Habasha, tun ana kawo ni gidan miji har na zama gwauruwa. Ban taɓa ganin hayaƙin suyar gahawa ya tashi daga gidansa ba. Ban kuma taɓa ganin an zuba gahawa a unguwar ba ya wurin ba.

Mu dai kowace safiya gida ɗaya ke dafawa, a kira maƙwabta, gobe kuma wani gidan. A soya, a daka, a sa turaren wuta, a sha zagaye uku. Na ukun shi ne baraka, kuma mai mutunci ba ya tashi kafin a sha shi. Matar Abba Garo ta rasu da daɗewa, namiji kuma ba ya suya, sai layi ya riƙa tsallake gidansa. Shi ne dai bai taɓa tsallake gidan kowa ba.

Yana da hujjarsa. A bayan ɗakinsa akwai wata tsohuwar bishiyar gahawa, ƙanana sun kewaye ta. Ya ce ita ce ta farko a duniya, awakin kakan kakansa ne suka fara cin 'ya'yanta suka kasa barci. Ƙauyuka da yawa a ƙasarmu suna da irin wannan bishiyar ta farko, Allah ne masani. Ba ya tsinkarta, ba ya sayarwa. Abin da ya faɗo, in ji shi, na tsuntsaye ne.

"Ku zuba mini, 'yan'uwa," haka yake cewa yana miƙo finjali. "Ba don gidanmu ba da ruwan zafi kuke sha."

Shekarar da ɗan maƙwabciyarmu Hada Jabal ya auro Zamzam daga Agaro aka samu matsala. Yarinya ce mai tsabta da ido. Ranar da layi ya zo kanta, ta zuba masa na farko ta ce, "Baba, gobe gidanka ne ko?"

"'Yata, ni nawa layin kakana ya yi shi tun kafin a haifi kakarki."

"Allah ya jiƙan kaka. Amma shi bai kira mu mun sha ba."

Maza suka yi dariya. Surukarta ta yi ta tsunkulinta a ɓoye, ba ta gane ba. Ta ce ita dai ranarta ba za ta ƙara kiran wanda ba ya kira ba. Abba Garo ya ajiye finjali ya tashi, ba a ko kai ga baraka ba. Ya ce ya bar shan gahawar unguwa ke nan.

Mutumin da ba shi da mata ba shi da ɗa, wannan tabarmar shan gahawa ita ce danginsa. A nan ake sanin ba ka da lafiya in ba a gan ka ba. Yanzu ya rasa ta. Sai ya ɗauki kujerarsa ya kai gindin bishiyar kakansa, ya zauna tun hantsi yana jan carbi, fuska a murtuke. Lokacin kuwa 'ya'ya sun nuna jajur, suna ta zuba.

Abin da Zamzam ba ta sani ba shi ne, a irin wannan lokaci kullum akwai mace ɗaya da ke zuwa a makare, sai an kai zagaye na biyu, bakin zanenta a ƙulle. Tun da Abba Garo ba ya tashi sai an sha baraka, tsuntsayen nasa, wato mu mata, suna da isasshen lokacin tsinta. Namu gonakin na kasuwa ne, maza ba sa bari a taɓa. Wadda ake shanyawa a ajiye don shan shekara, daga bayan ɗakinsa take fitowa.

Ba a jima ba gahawar unguwa ta fara tsinkewa. Na farko ya koma kamar baraka, baraka ya koma ruwan zafin da ya faɗa. Maza suka fara tambaya ko gishirin da muke sa mata ne ya canza.

Hada Jabal ta ja surukarta ɗaki. Ban ji abin da ta gaya mata ba. Na dai ga Zamzam ta fito da lulluɓi, ta nufi gidansa ta durƙusa.

"Baba, yarinta ce. Gahawa ba ta daɗi in ba ka."

"Na sani," in ji shi. "Albarkar gidanmu ce."

Ba ta musa ba. Ya zo ya zauna a wurinsa, ya sha uku, ya yi mana doguwar addu'a, ya ce ya yafe wa kowa. Ranar nan, Hada Jabal ce ta makara.

Haka ya rayu har Allah ya karɓi abinsa, yana ganin sadakarmu yake sha, mu ma ba mu gyara masa ba. Magadansa sun zo daga birni sun kewaye bishiyar da shinge. Yanzu gahawarta tana shiga buhu.