Tagar Ɗakin Kajin Eunice

Duk wanda ya zauna a Makera ya san Baba Shekari, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa: dogo ne siriri, da sifana a aljihun baya ko da coci za shi. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin fita, wato mai ɗaure-ɗauren ƙarfe, a wata masaƙa a Kakuri, shi ke kula da bututun tururi. Duk inda ya ji tururi na tsiyaya, sai ya bi shi ya ɗaure. Masaƙa ta rufe tuntuni, ciyawa ta cinye harabarta, amma hali zanen dutse ne. In famfon maƙwabta na ɗiga, tuwo ba ya shiga cikin Baba Shekari sai ya je ya matse shi, ko ba a kira shi ba.

Huda ɗaya ce a duniya ta gagare shi toshewa, kuma a bayan gidansa take.

Matarsa Eunice ta zo daga ƙauyensu na wajen Zonkwa da kaza a kwando ranar da aka kawo ta. Shazumama ce, irin kazar nan mai gashi a murɗe kamar wadda aka tasa daga barci. Al'adar gidansu ce uwa ta ba 'yarta kaza daga cikin nata ranar aure. Kakar Eunice ta ba uwarta, uwarta ta ba ta, ita kuma tun Jemimah, 'yarsu tilo, tana goye take cewa tata na nan tafe. Jikokin kazar nan da tattaɓa-kunnenta su suka riƙe tukunyar gidan da ƙwai lokacin da aiki ya ƙare.

Shi ya gina mata ɗakin kajin da hannunsa, amma da gini ya kai kusa da rufi sai ta sa ya bar gurbin bulo ɗaya ta yamma, ta rufe shi da 'yar raga. Duk shekara in sanyi ya shigo sai sun yi ta a kan wannan taga.

"Maman Jemimah, kina hura wuta kina barin ƙofa. A masaƙa da an kore ki tun satin farko."

"Baban Jemimah, bar min tagata. Kaji ba bututu ba ne."

Sai ya yi dariya ya koma wajen rediyonsa. Shekara talatin yana tsokanarta, bai taɓa cewa ta faɗa masa dalili ba. A ganinsa mutumin da Turawa suka koya wa aikin zafi ba zai ɗauki darasi wajen mai kiwon kaji ba.

Shazumama ba ta jure sanyi, don gashinta ba ya kwanciya ya rufe jiki. Saboda haka tun ƙarshen Nuwamba Eunice kan zuba sabuwar dusar katako a ƙasa, ta rataya buhuna ta gefen da iska ke bugowa, ta ba su ruwa mai ɗumi da safe. Da yamma kuma in ta sauke tukunya, takan kwashi garwashi a kasko ta shigar musu. Baba Shekari ya sha ganin shigar kaskon nan. Fitar kaskon ce bai taɓa lura da ita ba.

Eunice ta rasu a watan Agusta, ana tsakiyar damina, bayan an riga an sa ranar auren Jemimah, Asabar ɗin da ke bin Kirsimeti. A gadon asibiti ba ta yi doguwar wasiyya ba. Cewa ta yi, "Ka kula min da kajin nan har biki. Budurwar kazar nan ja ita ce ta Jemimah."

Ya kuwa kula da su, wannan ba mai musu. Kaji goma sha huɗu, ya san kowacce. Mutumin da a da ko tsaba bai taɓa watsa musu ba, sai ga shi yana tafiya har kasuwar Kakuri neman dusa mai kyau. Maman Tagwai, maƙwabciyarsu, takan leƙo ta katanga ta ce in yana bukatar shawara tana nan. Sai ya gode mata da ladabi, ya ci gaba da abinsa.

Saura kwana tara biki aka yi wani ɗari wanda ko masu keke-napep sai da suka ɗaura rawani. Da la'asar ya tarar da kajin sun cure wuri guda, jar budurwar tana makyarkyata. Tsoro ya kama shi, tsoron kada ya ci amanar matarsa. Ya ɗaga kai ya ga tagar nan tana shan iska yadda ta saba. Ya ɗauko tsani, ya cusa buhun siminti a gurbin, ya bi duk wata tsaga ta jikin ƙofa da leda da ƙusa. Aiki ya yi na ƙwararre, ko sauro ba zai sami hanya ba. Sannan ya cika kasko da sabon gawayi, ya fifita ya kama, ya ajiye a tsakiya ya ja ƙofa da magariba. Wata tsohuwar kaza ce kaɗai, wadda ta daina ƙwai tun bara, ta ƙi kamuwa ta haye bishiyar gwaiba. Ya bi ta har ya gaji, ya ce sanyi ya koya mata hankali.

Da gari ya waye bai ji carar zakara ba. Ya buɗe ƙofa, ɗumi mai nauyi ya bugi fuskarsa. Suna kwance a kan dusar, goma sha uku, ba rauni ba jini, jar budurwar ta sa kanta daidai gindin ƙofa inda ya buga leda.

Maman Tagwai ce ta kira Jemimah a waya, ta taso daga makarantar da take koyarwa a Barnawa. Ta tsaya ta dubi buhun da ke cikin tagar.

"Dadi, gawayi kuka bar musu har safe?"

"Yadda mamanki take yi."

"Mama garwashin da ya gama ci take sa musu, kuma kafin ta kwanta ta fitar. Tagar nan ta numfashinsu ce. Ta ce kaza ta fi jure sanyi a kan rashin iska." Ta juyo ta dube shi. "Tun ina firamare ta faɗa min."

"Ni ba ta taɓa faɗa min ba."

"Kun taɓa tambayarta?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi yi masa ciwo. Ya zauna a kan bulo ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ba kajin kaɗai yake wa kuka ba. Shekara talatin amsar tana kwana ɗaki ɗaya da shi, girman kai ya hana shi buɗe baki.

Ranar biki, bayan an fito daga coci, ya miƙa wa Jemimah tsohuwar kazar a kwandon uwarta. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Su biyun sun san ba za ta ƙara yin ƙwai ba, kuma daga kanta irin ya ƙare.

Har yau ɗakin kajin na nan a bayan gidan, ba kowa ciki. Maman Tagwai ta yi masa tayin 'yan tsaki sau biyu, ya ce tukuna. Buhun simintin kuwa tun washegarin biki ya hau tsani ya zare shi, ya mayar da ragar yadda Eunice ta ɗaura ta.