Zif ɗin rigar Saje

Shekarun baya da dama, lokacin da kuɗin man fetur ya fara ambaliya a ƙasarmu, kamfanin da nake yi wa walda ya turo mu London koyon aikin nutso, wato gyaran bututu da ƙarafan rijiyoyin mai a ƙarƙashin teku. Abin da ya sa aka zaɓe ni bai wuce cewa a bakin kogi na tashi ba, a Yawuri, na kuma bugi ƙirji a gaban manaja na ce babu ruwan da nake tsoro. Ban san akwai ruwan da sanyinsa ke shiga har cikin haƙori ba.

Mu biyu ne 'yan Arewa a ajin. Ɗayan mutumin wajen Jos ne, ya girme ni da kusan shekara goma, tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa kafin ya koma walda. Saje nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena. Muka kama ɗakuna biyu a bayan Old Kent Road, a gidan wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da ke aiki a masana'antar rigunan ruwan sama. Mma muke kiranta. Ran Lahadi Saje ya tafi coci, ran Juma'a ni in hau bas zuwa masallacin Regent's Park, sauran ranaku kuwa tare muke sammako zuwa wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a gefen Thames inda ake koya mana aikin.

Kowannenmu an auna shi an ɗinka masa rigar nutso ta baƙar roba mai kauri, daga wuya har idon sawu, mai kama jiki ƙam. Sai ka barbaɗa hoda kafin ta yarda ta shiga. Zif ɗinta a baya yake, da igiya a jikinsa: ka kai hannu ɗaya ƙugu ta baya ka danne gindin zif ɗin, ka ɗaga ɗayan ta kan kafaɗa ka jawo igiyar sama. Ranar farko ni da na ga zif, sai na ce ai gaba ne wurinsa. Na sa rigar a juye, na fito ina tafiya kamar an ɗaure ni da kara. Malaminmu, wani Bature mai jan gemu wanda ba ya dariya, ranar sai da ya dafa bango.

Tun daga ranar, kullum in mun shiga ɗakin sauya kaya, Saje zai juyo mini baya ya ce, "Ƙanena, ja mini." In ja. In mun fito daga ruwa, ya sake juyowa, in zuge. Da farko ban ɗauke shi komai ba. Amma da aka shiga mako na uku, sai wani ɗan ajinmu ya fara tsokanata, wai Saje ya samu kurtun da zai riƙa yi masa hidima. Ni kuwa lokacin jini na tafasa, ga girman kai na wanda ya shiga jirgin sama sau ɗaya.

Rannan malamin ya sanar cewa mako mai zuwa akwai test, wato jarrabawa: kowa zai shirya kansa shi kaɗai cikin 'yan mintoci, domin mai jiran ko-ta-kwana a kan teku ba ya jiran wani ya sa masa riga in ɗan'uwansa ya maƙale a ƙasa. Wanda ya kasa, gida zai koma. Washegari Saje ya juyo mini baya kamar kullum. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Saje, nan fa ba bariki ba ne, ni kuma ba boyinka ba ne. Kowa ya ja nasa."

Ya koma lungu. Muna fita na waiwaya na gan shi yana ta lanƙwasa, igiyar na tsere wa hannunsa. Shi ne na ƙarshen fitowa, rigar a buɗe rabi, malamin na daka masa tsawa. Haka ya shiga ruwan nan da bayansa a waje. Da ya fito leɓɓansa sun yi toka-toka.

Da yamma na shiga ɗakinsa neman dutsen guga, ban ƙwanƙwasa ba. Na same shi tsaye ya sa rigar zuwa ƙugu, ya miƙe wayar rataye kaya ya yi ƙugiya da ita yana gwada kamo zif. A kafaɗarsa ta dama kuwa wani tabo ne, rami guda, naman wurin ya tattare kamar an ɗinke bakin buhu.

Ya ce, "Shigo ka rufe ƙofa."

Ya ce ɓaraguzan bam ne, a shekarar ƙarshe ta yaƙi. Ya ɗaga hannun gaba, ya tafi lafiya. Ya ɗaga sama, ya tafi. Ya yi ƙoƙarin kai shi baya, sai ya tsaya cak a gefen cinya, fuskarsa ta yamutse. "Likitan da ya gwada mu a Legas kafin mu taho, ƙirji da kunne kawai ya duba," in ji shi. "Ni kuma ban ce komai ba. 'Ya'yana huɗu, ƙanena, ga uku na ƙanina da bai dawo daga fagen yaƙi ba. In aka kore ni daga nan, me zan je in ce musu?"

Na ce, "Saje, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Da ka tambaya, da na faɗa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu ya ce in bari, ba wannan ne a gabanmu ba. Muka zauna muka zuba wa rigar ido. Can na ce, cikin wasa don in rage nauyin ɗakin, ai da ya sa ta a juye irin tawa ta ranar farko. Bai yi dariya ba. Ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce, "Tashi mu je wurin Mma."

Mma ta shimfiɗa rigar a teburin kicin, ta juya ta, ta ja robar, ta shinshina. Hausarta irin ta zango ce, komai "shi" ne a bakinta. Ta ce, "Riga nan shi ba shi da laifi. Zif ne ya zauna wurin banza." Na tuna mata cewa in aka ɓata ta, sabuwa sai an yi makonni, test kuma saura kwana biyar. Ta harare ni ta ce, "Kai yaro, roba nake yanka tun ba a yaye ka ba. Riƙe nan."

Asabar da Lahadi muka yi a kanta, Saje ko coci bai je ba. Ta farke zif ɗin baya, ta shafa gam a bakin robar biyu, ta hana mu taɓawa sai da ya sha iska, sannan ta haɗe su ta bi da ƙyalle. Da ta ɗora almakashi a gaban rigar, daga wuya zuwa cibiya, Saje ya juya ya fuskanci taga. Mutumin da ya ga yaƙi, ya kasa kallon almakashi. Ta dasa zif ɗin da gam da ɗinkin hannu, ta sa wani falle a bayansa don kada ƙarfen ya ci masa ƙirji. Gidan ya yi kwana uku yana warin gam.

Ranar test Saje ne na biyun gamawa. Ni ne na biyar, kuma hannuwana biyu lafiya lau. Malamin ya zo ya tsaya a gaban Saje, ya kama zif ɗin ya ja ƙasa, ya ja sama, ya tambayi wa ya yi wannan aikin, kuma don me. Na buɗe baki zan yi ƙarya, Saje ya riga ni. Ya zuge rigar ya nuna kafaɗar, ya nuna iya inda hannun ke kaiwa. Daga baya ya ce mini ya gaji da ɓoyo, kuma bai ga dalilin da zai sa ran wani ya rataya a hannunsa ba tare da an san gaskiyar hannun ba.

Aka tura shi wurin likitan masu nutso. Mako guda ba ya shiga ruwa, yana zaune a bakin tasha da kwat yana riƙe mana igiya. Ko abincin Mma ba ya iya ci. Ranar da takarda ta fito, likitan ya rubuta cewa hannun na iya duk aikin da ake bukata, sai dai a riƙa yi masa riga mai zif a gaba. Saje ya karanta, ya ninke, ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hularsa. Muka ba shi wuri.

Mun yi shekaru muna aiki tare a tekun Kudu kafin kowa ya kama gabansa. Ya rasu tuntuni, na je jana'izarsa, 'ya'yan nan bakwai duk sun zama mutane.

Bai taɓa tayar mini da maganar ranar nan ba, ko da wasa. Ni ne na kasa mantawa. Mako uku ina tsaye a bayan mutum, tazarar da ke tsakanin hannuna da ciwonsa ba ta fi kaurin roba ba, amma abin da na iya gani kawai shi ne an raina ni. Yanzu tsufa ya kama tawa kafaɗar, in zan sa babbar riga sai na kira uwargida ta ɗaga mini. Matata ce ta shekara arba'in, amma duk da haka sai na ɗan yi jim kafin in kira ta, saboda kalmar neman taimako tana da nauyi a baki. Saje kuwa kullum safiya sai ya faɗe ta, ga yaron da bai kai shi ba, a gaban mutane.