Matatar Iskar da Jatau Ya Ɗaura Mini

Ranar Talata, 18 ga Agusta 1998, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah Ya karɓi ran Malam Jatau Bakanike a ƙauyensu da ke bayan dutsen Kwatarkwashi. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Bai yi jinya ba, ko ciwon kai bai ce da kowa yana yi ba. Kwana biyu aka yi ana zuba ruwa, sai ya rufe garejinsa na Gusau ya tafi duba ɗakin mahaifiyarsa. Yana cikin haƙa wa ruwan hanya a gindin katanga, katangar ta rufto masa. Kafin a kwashe ƙasar a ciro shi, rai ya yi halinsa.

Jatau, yau kwana takwas ke nan, amma na rubuta waɗannan layuka na sake karantawa, har yanzu ji nake kamar labarin wani nake bayarwa. Mutumin da ya shekara talatin yana kwanciya a ƙarƙashin tirela, jak ɗaya tsakaninsa da lahira, bai taɓa rasa ko farce ba, a ce katangar laka ce ajalinsa? Jiya da safe na biyo ta gaban garejinka, wallahi sai da na rage gudu na danna ham kamar yadda na saba, kafin hankalina ya dawo jikina.

Shekara goma sha ɗaya kana gyara mini mota, tun ina jan wata tsohuwar kwarakwatsa da sai an tura take tashi. A cikin shekarun nan ban taɓa ganin ka fara aiki da sifana ba. Sukundireba kake ɗauka, ka kafa bakinsa a jikin inji, ka ɗora kunne a ƙotar, ka lumshe ido. Mu masu mota mu yi ta zuba bayani, kai kuwa injin kake saurare. Ba ka miƙa makulli sai ka zagaya da motar da kanka. Duk abin da ka cire, ko ƙaramin fulogi ne, sai ka naɗe shi a takardar buhun siminti ka ajiye wa mai motar a but, don kada ya kwana da zargi a ransa. Kowace Juma'a kuma, kafin a tafi masallaci, mu 'yan gida mukan jera motocinmu a gindin dalbejiyar garejinka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana duba ruwa da baƙin mai. Saboda wannan gatan da ka yi mini, ni Haliru na shekara goma sha ɗaya ban san inda ake jan murfin inji ba sai na lalube.

Mutanen Bungudu ba za su manta da azumin bara ba, ranar da akori-kurar manoman tumatir ta mace a hanya da tsakar rana. Ba ka san ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Ka hau babur ka je, ka kwanta a kan kwalta mai zafi da ƙishirwar azumi, har motar ta tashi tumatir bai ruɓe ba. Victor, mai shagon kayan gyara da ke jikin garejinka, ya ce tun da ya zo Gusau bai ga mai dawo masa da kaya kamarka ba. Ka auna abu a tafin hannu ka ce jabu ne, ya yi ta rantsuwa, daga baya ya gano kai ke da gaskiya. Duk da haka, ranar da gobara ta kama shagonsa, kai ka fara shiga da bokiti.

Da a nan zan tsaya, da na yi ta'aziyya irin ta kowa. Amma akwai abin da na yi maka a gaban jama'a, kuma tun da a gaban jama'a na yi shi, a gabansu ya kamata in warware.

Bara da kaka na sayi jar motar nan mai ƙofa biyu da aka shigo da ita daga Kwatano, irin wadda Turawa ke tsere da ita. Gusau ta yi mini dariya son ranta. Mota ce da ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar baƙo, cikinta kusan yana shafar ƙasa, ga wahalar mai ana kwana a layi. Kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba. Ka zagaya ta sau biyu, ka shafa ta, ka ce injinta lafiyayye ne, mai ita ne dai ke bukatar a duba shi.

Farkon watan nan ƙanena Mas'udu ya aiko mini da kwali daga Legas. Matatar iskar injin mota ce ta musamman, ba irin wadda kamfani ke sakowa a cikin baƙin akwati ba. Ja ce, mai siffar mazurari, da dogon bututu mai ƙyalli da takardar bayani cike da zane. Takardar ta ce a cire tsohon akwatin, a haɗa bututun, a sauke matatar can ƙasa bayan bamba inda iska ta fi sanyi, wai inji zai ƙara ƙarfi da ƙara. Na karanta ta ya fi sau goma. Na kawo maka ita ina jin kaina kamar ni na ƙera motar.

Ka kwana biyu da takardar. Rana ta uku na zo, majalisar gareji a cike, ka ce matatar mai kyau ce, za ka ɗaura, amma ba a inda aka zana ba. Na tambayi dalili. Ka ce, "Haliru, inji awa mutum na. Ina ka taɓa ganin mai hanci ga ƙahwa? Wanda yaz zana takardag ga bai san ruwanmu na Agusta ba. Ran da kash shiga kududduhi, injin ga ruwa za ya shaƙa, kuma in yash shaƙa, shi ke nan."

Gaskiya ka faɗa, a hankali kuma ka faɗe ta. Ni kuwa da na ga mutane sun zuba mini ido, sai girman kai ya hau ni. Na ce kai bakaniken akori-kura ne, me ka sani game da motar tsere? Na ce waɗanda suka ƙera abin sun yi karatu, kai kuwa ko harafin da ke jikin kwalin ba ka iya karantawa ba. Na ce ka ɗaura yadda aka zana ko in kai wa wanda ya iya.

Victor ya sunkuyar da kai. Kai kuwa ka ninke takardar ka sa a aljihu, ka ce in dawo ranar Lahadi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tafiyar daga gindin dalbejiya zuwa bakin titi ba, amma ban juyo ba.

Ranar Lahadi ka tayar da motar, ka taka totur, ta yi wani gurnani da ban taɓa ji daga gare ta ba. Ka miƙo mini makulli ka ce, "Na ɗaura ma ita inda za ta yi ma aiki. Buɗe ka gani." Ban iya haɗa ido da kai ba. Na ce ai ƙarar ta isa shaida, na ja mota na tafi. Na ga ƙunshin takardar siminti a but, na ɗauka tsohon akwatin ne kawai. Daga nan na shiga gari ina ba da labari, a ofishinmu na aikin gona da ke Tsafe da kowace majalisa da na zauna, cewa na koya wa Jatau aiki, na sa shi ya bi takarda dole. Da Juma'a ta zo na ƙi kawo motar. Na san ina da haƙurin da zan ba ka, na ce bari sai wani satin, idan abin ya ɗan huce.

Talatar da ka rasu ina ofis wajen sha biyu da rabi, Sani direban bas ya shigo ko sallama bai gama ba, rigarsa a jiƙe. Ya ce Jatau ya rasu, ana azahar za a yi jana'iza. Na ce wane Jatau? Ya maimaita. Na ce ƙarya yake yi. Ban san lokacin da na fito ba, sai a mota na lura da biro a hannuna da takalmi ƙafa ɗaya. Abu guda ke kaina: na rasa damar ba ka haƙuri kana ji, kada kuma in rasa tsayawa a kan gawarka.

Daga Tsafe zuwa Kwatarkwashi ban ga hanya ba, hawaye da ruwan sama suka haɗu mini. Na sauka daga kwalta na kama hanyar ƙauyenku, sai ga rafin da ake ƙetarewa ya kawo. Wata tasi ta mace a tsakiya an turo ta gefe, masu babura sun yi cirko-cirko. Wani dattijo ya leƙo ya dubi motata, ya ce, "Alhaji, wagga ba ta wucewa." Ƙauyen kuwa da sauran tafiya, da ƙafa ba zan riski salla ba.

Na zauna riƙe da sitiyari, maganarka tana dawo mini kalma kalma. A sanina matatar tana can ƙasa bayan bamba, inda ni da bakina na tilasta maka ka sa ta. Na san da na shiga injin zai shaƙi ruwa ya mutu, in rasa motar in rasa jana'izar, kuma ba wanda ya jawo mini sai ni. Na ce ko da haka ne gara in gwada. Na yi bisimilla, na sa giya ɗaya, na shiga.

Ruwa ya rufe bamba. Ya taɓa fitilu. Ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa mini ƙafa. Ina jiran in ji injin ya yi tari ya ɗauke, amma gurnanin nan bai canza ba har tayoyin gaba suka kama tudu. Na iso ana daidaita sahu. Na samu sallarka, Jatau, na kama makararka, na zuba ƙasa da hannuna.

Bayan an watse daga maƙabarta na koma wurin motar, na laluba na buɗe murfin inji, karo na farko tun da ka miƙo mini makulli. Ga matatar nan a sama, kusa da batir, ko ɗigon ruwa babu a jikinta. Ka yanko kwanon rufi ka lanƙwasa ka yi mata shinge don kada zafin inji ya same ta, ka goge bakin kwanon sumul don kada ya yanki hannun mai dubawa, ka buɗe mata 'yar kafa ta gefen fitila inda iska mai sanyi za ta shigo. Na buɗe but na warware ƙunshin: ga tsohon akwatin, ga dogon bututun nan mai ƙyalli ko ɗaura shi ba a yi ba, ga takardar bayanin a ninke. Na zauna a cikin taɓo na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba.

Victor ne ya zo ya ɗaga ni. Shi ya gaya mini abin da ya ƙarasa ni. Ya ce Juma'ar da ban zo ba, ka hana kowa ajiye mota a wurin da na saba tsayawa. Ka ce masa, "Yau Haliru za ya buɗe ya gani, mu sha dariya, magana ta wuce." Ya ce har aka kira salla kana duban hanya.

To, jama'ar Gusau da Tsafe, duk wanda ya ji na ce na koya wa Jatau aiki, ya sani ba gaskiya na faɗa ba. Na zage shi a kan abin da ya fi ni sani, ya rama mini da aiki mai kyau, kuma aikin nan ne ya kai ni jana'izarsa. Juma'ar da ta wuce na kai motar gindin dalbejiyar, na buɗe murfin da kaina na bar shi a buɗe har aka kira salla, duk wanda ya zo na nuna masa na faɗa masa haka.

Ya Allah, ga bawanKa Jatau ya zo gare Ka yana kan hidimar mahaifiyarsa. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka ba shi ladan waɗanda gini ya faɗa wa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka sanyaya shi. Yadda ya rufa wa mutane asiri a kan hanya, Ka rufa masa nasa ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hafsatu, wadda ya rasu yana kare ɗakinta, da maiɗakinsa Wasila, da 'ya'yansa Hasana da Huseina, da dukan makanikai da direbobin da suka ci moriyar hannunsa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jatau, ka ce in buɗe in gani. Na buɗe, na gani, amma na makara da kwana tara. Ka yafe mini.

Haliru Bello
Sabon Gari, Gusau