Itacen Ɗorawar Kaka

Shekarar da aka haifi ɗiyata ta fari an yi ɗari mai tsanani a Gaya. Ni a lokacin ɗinki nake yi a wata rumfa bakin kasuwa, kusa da inda manyan motoci ke jiran jirgin fito ya ƙetare da su Dahome. Nasara, wato Bature mai mulki, bai tafi ba tukuna. Matata tun cikinta yana wata bakwai ta koma gidansu a Bengu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Wani maƙwabcinsu da ya zo cin kasuwa shi ya kawo mini albishir, ya ƙara da cewa mutanen gida sun ce kada in manta da itace.

Itacen jego a wuyan miji yake. Kwana arba'in ana dafa ruwan wanka safe da maraice, ana kuma sa wuta ƙarƙashin gadon ƙasa da mai jego ke kwanciya a kai, ɗakin ya yi ɗumi saboda ita da jaririya. Ni ɗan gari ne, allura da almakashi na sani. Na sayi kayan jaki biyu na ƙiraren sabara, na kai Bengu ina jin na yi abin kai.

Surukata ta leƙo, ta dubi itacen, ta koma ɗaki, don kunya ba ta barinmu magana. Amma akwai kakar matata, tsohuwa ƴar ƙarama mai baki, wadda tun ranar aure take kirana angonta. Ta zagaya kayan da sandarta, ta zaro ƙirare ɗaya ta ɗaga sama.

"Angona, wannan na sakace haƙori ne ko na wankan jego?"

"Haba amarya, kaya biyu ne fa."

"Kwana uku. In ya kai huɗu ka sake ni."

Bai kai huɗu ba. Kashegarin suna, da sassafe, Kaka ta ja ni gonarta a bayan gari. Can na ga wata ƙatuwar ɗorawa kwance, saiwoyinta a sama. Iskar farkon damina ta kayar da ita. Kaka ta ce tun tana amarya take cin kalwar itacen nan, da daddawarta ta yi wa ɗiyanta mata kayan ɗaki. Ta shafa ɓawon, sannan ta ce tunda ta faɗi, gara ta ɗumama jikarta da gara ta cinye ta.

Sai dai ɗorawa ba a sa mata gatari haka nan a zamanin. Ko matacciya ce sai gardin daji, ma'aikacin gwamnati mai tsaron itatuwa, ya gani ya ba da takarda. Na koma Gaya, na yi yini biyu a ƙofar biro, wato ofishinsu, kafin in same shi. Wani dogon Bazabarme ne, mai gajeren wando da keke. Da muka isa gona ya sauka yana haki, ya fiddo littafinsa, ya tambaya da ƙarfi wa ya kayar da itacen.

Kaka ta gaishe shi da fofo, ta tambayi gidansa da Zabarmanci, sannan ta ce, "Iska ce, ɗana. Ta yi yamma. In ka yi sauri da kekenka ka cim mata."

Ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Ya zagaya itacen, ya duba saiwoyin bai ga saran gatari ba, ya rubuta takarda ya miƙo mini. Kaka ta ƙulla masa daddawa a ganye, ya ce uwarsa za ta ji daɗi.

Nan aikina ya fara. Na ari gatarin surukina, na yi kwana biyar ina faskare. Tun ranar fari tafin hannuwana suka yi bororo, suka fashe. Kaka tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, tana cewa ai da ta sani manomi za ta aura. Rassan sun bushe sarai, amma gindin har yanzu da sauran danshi a cikinsa, ni kuwa ban san bambanci ba. Na zaɓi manyan faskare masu nauyi na kai gida, na cusa su da kaina ƙarƙashin gadon don a ga ƙoƙarina.

Ba a jima ba hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ga wani wari mai hawa kai. Matata ta fito da jaririya a ƙirji tana tari, idanunta na hawaye, tana dariya. Surukata ta ruga da ƙwaryar ruwa. A ranar ne ta fara yi mini magana tunda na auri ɗiyarta, ko da yake bango take kallo.

"A gaya wa mutumin nan ya bar mana wuta."

Kaka ta zaunar da ni ta koya mini. A ɓare ɓawon, a fasa itacen ƙanana, a jingina shi a rana har sai in ka buga biyu ka ji sun yi ƙara. Kuma ba a kai harshen wuta ɗakin jaririya. A tsakar gida ake ƙona shi ƙarƙashin tukunyar wanka, in ya zama garwashi a kwasa da kasko a zuba ƙarƙashin gado. Ɗorawa ba ta da riƙon wuta kamar ƙirya, in ji ta, amma tana kamawa da wuri, kuma wannan da yawanta za ta kai mu.

Ta kuwa kai mu. Duk Juma'a nakan zo daga Gaya, in sa hannu a bangon ɗakin in ji shi da ɗumi kamar jikin mutum. Wani gungume da ya gagari gatari muka mirgina shi zaure, surukina da tsofaffin unguwa suka riƙa kewaye shi bayan sallar asuba suna shan kunu, suna miƙa ƙafafu. Har wani daga cikinsu ya kawo mini ɗinkin riga saboda daɗin wutar.

Ranar da aka cika arba'in na zo ɗaukar iyalina. Matata ta yi ƙiba ta yi haske, jaririya ta yi kumatu. Ɗari bai gama fita ba. Kaka ta tambayi matata ko akwai abin jin ɗumi a ɗakinmu na Gaya, matata ta ce babu sai bargo guda. Tsohuwa ta sa aka ɗaure sauran faskaren a kan jaki, ta ɗora wani tsohon kasko a bisa, ta ce in riƙe da kyau, aro ne ba kyauta ba. Muka kamo hanya da hantsi, ni ina kora jaki, matata tana biye da goyo, muka shiga Gaya ana kiran azahar.