Daddawar Kakata a Ɗakin Gwaji

Bakina ne ya jawo, gara in faɗa tun farko. Muna layi a bakin famfo, matan unguwa suna yabon daddawar kakata, wai ko a ruwan zafi aka jefa ta sai ya koma miya. Ni kuwa ba na iya ganin taro in bar shi bai yi dariya ba. Na ce, "Au, ba ku san sirrin ba? Farin magi take zubawa. Da shebur." Aka kwashe da dariya, na ɗauki bokitina na tafi gida ina taƙama.

Shebur ɗin ya tsaya a bakin famfo, amma farin magin sai da ya kai kasuwar Minjibir.

Bayan sati biyu wata Hajiya mai sayar da abinci a Ɗambatta, wadda ta daɗe tana sarar daddawar Kaka, ta dawo da kwando guda da kanta. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, an ce kina haɗawa. Ni kuma na faɗa wa masu cin abincina cewa zalla ce." Kaka ta karɓi kwandon ta ajiye. Tun kafin a haifi babana take wannan sana'a. Da yamma ta kife tukunyar dafa kalwa a bayan rumbu. Ta daina tsokanata, ta daina ce mini uwar surutu, tuwo ma sai ta taɓa ta ture. Kullum tambayarta ɗaya: "Wa na yi wa laifi a garin nan?" Ni ina gefe ina tsinke zogale.

Ana cikin haka yayata ta zo hutu. Tana shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, aikinta na kammalawa kuma shi ne auna wani sinadari mai suna gulutamet a cikin abinci. Ta ce shi ne abin da ke cikin farin magi. Na daka tsalle. Kafin la'asar na zagaye unguwa ina shelar cewa na'urar jami'a za ta wanke Kaka tas. Bakin nan dai.

Na naci har Yaya ta tafi da ni. A ɗakin gwajin aka sa mini farar riga wadda ta isa mu uku, aka ce in zauna kada in taɓa komai. Yaya ta niƙa daddawar Kaka da ta wasu mata huɗu, ta auna kowacce, ta dama da ruwa, ta saka a wani inji mai juyi har tsakin ya kwanta. Ta ɗebi ruwan sama ɗigo-ɗigo ta zuba a wani faranti mai ƙananan ramuka, ta ƙara magani. Ta ce, "Yanzu sai jira. Ramin da launinsa ya fi duhu, shi ya fi gulutamet."

Na tsura wa ramin Kaka ido ina salati. Ya yi ruwan ɗorawa. Ya ƙara. Ya wuce na kowa, har ya kusa kamo ramin da Yaya ta zuba farin magin gaske don kwatance. Na ce, "Yaya, shi ke nan, na kashe Kaka. Wallahi wasa nake yi, ashe gaskiya na faɗa!"

Ta juyo a hankali. "Ke ce kika fara maganar?"

Na gyaɗa kai ina kuka, majina har kan rigar mutane. Sai da ta ja mini kunne sosai kafin ta yi bayani. Idan an rufe dafaffiyar kalwa ta yi kwanaki tana ruɓa, ita da kanta take samar da sinadarin, shi ne ma daɗin daddawa. Duhun ramin Kaka alamar gwaninta ce. Amma wannan gwajin bai san bambancin na kalwa da na leda ba.

"To ki rubuta cewa babu," na roƙe ta. "Wa zai sani?"

"Ƙarya ta kai mu nan, ki ce in ƙara wata?"

Hanya ɗaya ta rage, in ji ta: a yi sabuwar daddawa a gaban shaida, a riƙa ɗibar kaɗan kowace rana, a ga launin yana ƙaruwa ba tare da an zuba komai ba. Matsalar ita ce Kaka ba ta yarda a buɗe mata kwando kafin kwana uku. Ta ce ido yana ɓata daddawa. Ko babana bai taɓa leƙawa ba.

Da muka koma gida na durƙusa a gaban Kaka da hantsi, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Na faɗa mata komai, har da shebur. Ta ajiye carbin ta kafe ni da ido. Na gwammace ta ɗauki muciya.

"Ashe ɓarawon yana cin tuwo a kwanona," ta ce. "Tashi ki ɗauko tukunyar."

Hajiyar Ɗambatta ta zo ta zauna aka dafa kalwa, aka surfa, aka wanke, aka sake dafawa a gabanta. Aka kulle kwandon a ɗakin maƙwabciyarmu, wadda ta fi kowa yaɗa maganar. Kowace safiya idan Yaya za ta ɗaga buhun da aka rufe kwandon da shi ta ɗiba ta saka a ƙanƙara, Kaka sai ta juya baya ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ta koma Kano da abin da ta ɗiba, hoton sakamakon ya iso ta waya: ramuka huɗu a jere, na farko kusan fari, na ƙarshe kamar manja. Ni aka ba wa wayar. Na bi gida-gida ina nunawa, ina cewa ni na ƙirƙiri maganar. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta ɗauki kwandonta. Wasu mata biyu cikin masu sayen daddawar Kaka har yau ba su dawo ba.

Daddawar gwajin kuwa ba ta yi daɗi kamar kullum ba. Yaya ta ce iska ce ta shiga. Kaka ta ce ido ne, ta miƙo mini taɓarya, ta ce surfen kalwa ya zama nawa har ranar da za a kai ni ɗakin miji, ko bakin zai huta idan hannu ya gaji.