Farin Tsinke a Bakin Kawu

Kawuna ne mai ba furanni ruwa a jami'armu. Tun ban iya zama ba yake wannan aiki, kuma tun lokacin taba ba ta barin bakinsa. Hannu ɗaya tiyo, ɗaya sigari. Ɗalibai har suna suka laƙaba masa, wai Baba Jirgin Ƙasa.

Kwatsam aka kafa doka, ba shan taba ko'ina cikin makaranta. Wasu ɗalibai suka ce an tauye musu 'yanci, mu masu asma muka ce Allah Ya raka taki gona. Kawu kuwa ya ce ai dokar yara ce. Aka kama shi, aka kuma kamawa. Shugaban masu gadi ya ce, "Baba, na gaba a bakin aikinka."

Wallahi hankalina ya tashi, don in ka raba Kawu da furannin nan ka gama da shi. Na je na yi masa kuka shaɓe-shaɓe. Ya ce, "'Yata, ba hayaƙin kaɗai ba ne, bakin ne bai saba zama haka nan ba."

'Yan ajinmu suka ji. Waɗanda suka fi kowa zagin dokar, su suka fara kawo masa alawa mai tsinke, kowa ya wuce ya jefa masa ɗaya a aljihu. Da farkon barin tabar, Kawu sai faɗa kamar zai ari baki, har tiyo ya sha zagi. A hankali tari ya ragu.

Rannan da hantsi shugaban masu gadi ya hango farin abu a bakin Kawu. Ya taho a fusace, ɗalibai na biye.

"Shi ke nan, Baba! Fito da ita!"

Kawu ya zaro alawa ja jawur, ta sha tsotsa. Wuri ya kaure da shewa. Sai ya matsa kusa da mutumin, ya shinshina, ya miƙa masa ɗaya daga aljihu.

"Ungo, ɗana. Hancina ya buɗe, na ji kai ma kana bukata."

Ya karɓa kuwa, yana sosa ƙeya.

Da aka watse na tarar da Kawu durƙushe, hanci cikin furanni, ido ya ciko.

"'Yata," ya ce, "ashe ƙamshi gare su?"